Guduma Mai Sawun Zabuwa

Karatun ƙarfe a Kumasi na koye shi, a rumfar wani tsohon Bazabarme mai sayar da kayan gwanjo. Ina saurayi na je, na yi shekara tara ina ɗaga masa diga da shebur da zarto da sifana, ina wankewa ina jerawa. Shi bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma idan ka miƙa masa guduma sai ya juya ta sau biyu, ya tofa mata yawu, ya goge da babban yatsa, ya gaya maka ƙasar da aka ƙera ta da hannun da ta bi kafin ta iso gare shi. Ni na ɗan taɓa makaranta, sai ya zama ina karanta masa haruffa, shi kuma yana karanta mini sauran. Daga baya na zauna Kwatano, na zauna Yamai, na yi 'yan shekaru a Jidda, kuma ban taɓa wuce kasuwar tsofaffin ƙarafa ban tsaya ba. Ingilishi yana buga nauyin guduma da laba, Faransi yana bugawa da giram. Wani maƙerin yakan sa sunan garinsu, wani ya sa kifi ko tauraro saboda mai saye wanda bai iya karatu ba. Da na gaji da yawo na dawo gida ƙasar Bagudo, sai wannan ɗan sani ya zama abin hira kawai, har shekarar da aka kira wani mutum ɓarawo a kan guduma.

Mutumin Badande ne, wato ɗan ƙabilar Dandawa, daga ƙetaren iyaka ya zo, ya fi shekara ashirin a ƙauyenmu na bakin kogin Kwara yana gyaran jiragen masunta. A garin kuma akwai gidan mahaƙa rijiya, waɗanda aka sani tun daga Kende har Bahindi. Suna da shaidar gida tun zamanin kakansu: layi uku gajeru da suka haɗu a kai ɗaya, wadda suke kira sawun zabuwa. Tana kan digoginsu da dagi da shebur, tana kan ƙoren matansu, har a cinyar jakinsu na gan ta. Shekara biyu kafin nan sun yi aikin rijiya kusa da mashigi, guduma ɗaya ta ɓace musu, ba su sake ganinta ba.

Ranar wata kasuwa maigidan mahaƙan ya sauko daga jirgi, ya tarar da Badanden yana buga ƙusa. Ya tsaya gaisawa, idonsa ya faɗa kan gudumar, ya ga sawun zabuwa a gefenta. Bai tambaya ba. Ya fizge ta, ya ɗaga ta sama a tsakiyar kasuwa, ya faɗi kalmar da ƙarfi har masu sayar da kifi suka miƙe tsaye. Aka kai magana wurin maigari. Maigari ya riƙe gudumar, ya ba Badanden kwana goma sha huɗu ya kawo shaida, in ba haka ba a miƙa wa mahaƙa kayansu, shi kuma a duba yadda zamansa a gari zai kasance. Kafin kwana biyu masunta uku sun janye jiragensu daga wurinsa, ɗaya ma ba a gama toshe shi ba.

Badanden ya zo gidana da hantsi, don ni ne nake jin yarensu. Muka gaisa da Dandanci, sai ya juya zuwa Hausa, kamar yana so ko bangon zaure ya zama shaida.

“Alhaji, gudumag ga ubana yat taho da ita daga Gwalkwas, can ƙasar Kumasi. Ina yaro nis san ta. Waɗanda sunka sani duk sun kwanta dama.”

Na ce, “To in ka bar musu ita fa? Ƙarfe ne.”

“In na bar ta, na amsa sunan ke nan. Ina da jikoki garin ga. Mi za a riƙa ce musu in sun yi faɗa da yara?”

Na ce ya zana mini shaidar a ƙasa. Ya sa yatsa ya ja layi uku. Ina dubawa na ji kamar an mayar da ni rumfar Kumasi. Wannan ba sawun zabuwa ba ne, kan kibiya ne, tambarin da gwamnatin Ingilishi take bugawa a kan kayanta, daga diga har cokalin soja, don a san nata ne. Na wanke ɗaruruwansu da hannuna.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da la'asar na tafi zauren maigari, na tarar da maigidan mahaƙa da mutane kamar goma. Aka fito da gudumar. Baƙa ce ƙirin, tsatsa da kwaltar jirgi sun rufe ta, shaidar kaɗai ke leƙowa inda hannu ya saba gogawa. Na faɗi abin da na sani. Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Maigidan mahaƙa bai yi dariya ba. Ya ce, “Alhaji, yawon duniya ya yi maka yawa. Wato Bature ya taso tun daga ƙasarsu ya kwaikwayi shaidar kakana? Ko ko mu munka sato ta gare shi?”

Na ce, “Ban ce kun sata ba.”

“To mi kac ce?”

Maigari ya ɗaga hannu. Ya ce da ni, “Alhaji, ba mu ƙaryata ka ba. Amma kai ɗaya kag ga Kumasi, mu ko duk mun ga jakin gidansu. Kawo abin da ido ka gani.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, zan kawo.”

Na fita ina jin zafin dariyar a ƙeyata. Shekarata ta haura saba'in a lokacin, gwiwata ta hagu ba ta son babur, amma na riga na faɗa a gaban mutane. Abin da nake nema mai sauƙin faɗa ne: ƙarfe ɗaya mai wannan tambari wanda bai taɓa shiga gidan mahaƙa ba.

Na fara da Zagga. Na wuni a rumfunan maƙera ina tona tarin ƙarafan da ake narkewa, hannuna ya yi ja da tsatsa. Ban samu ba. Yawancin tsofaffin kaya an daɗe da mayar da su fartanya da lauje, abin da ya rage kuma masu sayen ƙarfe da kilo sun kwashe. A Kende wani ya ce akwai tsohon shebur a makabarta, muka je, sai na ga kifi ne a jikinsa. Rana ta uku, a Bahindi, wani mai injin niƙa ya zaro mini sifana daga ƙarƙashin buhu, ya ce ta mahaifinsa ce, direban babbar mota. Na goge ta da toka, kibiyar ta fito sarai. Ya ƙi ba ni aro. Ya ce wanda ya ba da aron sifana ya shirya kwana da injin a tsaye. Sai na ɗora takarda a kanta na goga fensir har tambarin ya fito, na kuma ɗauki hoto da waya.

Da na nuna wa maigidan mahaƙa a hanya, ya dubi takardar ya ce, “Mun haƙa rijiya bakwai Bahindi. Wa ya san abin da munka bari can?” Na gane cewa duk ƙarfen da na samo a wannan gefen iyaka, haka zai ce.

Sai na koma wurin Badanden na tambaye shi ko gudumar ita kaɗai ubansa ya kawo. Ya ce da akwati guda ya dawo, aka raba bayan rasuwarsa, kuma yayarsu da ke aure a ƙetaren iyaka ta ɗauki wasu don mijinta. Washegari na hau babur na bi hanyar daji na ƙetara. Can ƙasar Faransi ce a da, kayan aikinsu duk giram ne da sunayen garuruwan da na sani daga Kwatano, ba mai buga kibiya. Mahaƙan garinmu kuma ba su taɓa kafa dagi a can ba.

Na sami tsohuwar tana sussukar dawa. Ta girme ni, kunnenta ya yi nauyi, sai da na ɗaga murya. Da ta ji abin da aka kira ƙanenta, ta ajiye taɓarya ta ce da Dandanci, “Wannan da ko kifin da ya faɗo daga kwandon wani ba ya ɗauka?” Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar jakar fata. A ciki akwai zarto da haƙoransa suka ƙare, da awartaki. Awartakin a naɗe yake cikin tsumma mai man gyaɗa, don haka tsatsa ba ta ci shi ba. Na kai shi rana. Kibiya biyu ce a jikinsa, kai da kai, kamar raguna za su yi karo.

Na zauna a kan turmi, don na tuna abin da na manta. Tsohon Bazabarmen nan ba ya sayen ƙarfe mai kibiya ɗaya sai a ɓoye, yakan ce na gwamna ne har yanzu, ɗan sanda na iya tambaya. Amma idan gwamnati ta yi gwanjon kayanta, sai a ƙara buga kibiya ta biyu tana fuskantar ta farko, alamar an sallama. Irin waɗannan yake bajewa a gaban rumfa. Idan akwati ɗaya suka fito, to gudumar ma tana da ta biyu a ƙarƙashin kwalta.

Tsohuwar ta ba ni awartakin, ta ce in na ɓatar da shi kada in sake ƙetarowa. Ta kuma cika mini leda da dawa.

Na roƙi maigari abu ɗaya: a jiƙa gudumar a ruwan tsamiya mai kauri kwana biyu, a cikin gidansa, a tukunyar da shi zai rufe da hannunsa, don kada a ce na taɓa. Ya yarda, yana cewa bai taɓa jin an yi wa guduma kunu ba. Na kuma nemi a kira maƙerin garin, wanda shi ke sara wa mahaƙa shaidarsu shekara da shekaru. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma bai taɓa barin in wuce ba tare da ya tsokane ni ba.

Ranar buɗe tukunya ya shigo yana cewa, “Ina Baturen namu? An ce ka koma likitan guduma.”

Na ce, “Kai dai zo ka gane aikin hannunka, in idon ya rage.”

Maigari ya tsamo ta. Aka kankare kwaltar da kara, aka goge da toka da tsumma, na shafa alli a wurin na hure. Kibiya ta biyu ta fito fara fat a gaban ta farko, ga lambar nauyi a gefe, ga wasu haruffa da suka lashe. Na ajiye awartakin kusa da ita. Iri ɗaya, girma ɗaya.

Maƙerin ya ɗauki gudumar, ya kai ta kusa da hanci kamar zai shinshina, ya bi layin da farce. Ya daɗe. Sannan ya ce, “Ranka shi daɗe, wanga ba hannuna ba ne. Ni da kurfi nika sara tasu, bugu ukku, kuma har in mutu ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsawo, ku je ku duba. Wagga bugu ɗaya anka yi mata, tun ƙarfen na da taushi. Da na iya haka, da ban zauna garin ga ina gyara muku lauje ba.”

Maigari ya tambaye shi, “Gudumar da ta ɓace, kai kas sara mata?”

“Ni na. Ta kasuwa ce, ƙanen maigidansu yas sawo ta, yak kawo min.”

Maigidan mahaƙa ba ya wurin. An aika masa, ya ce yana da aiki. Maigari ya ce magana ta fito, zai sa a mayar wa Badanden gudumarsa. Na ce a dakata mini zuwa ranar kasuwa.

Da safe na tafi gidan maigidan mahaƙa. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo fura, muka sha. Labari ya riga ya iso masa. Can sai ya tashi da kansa, ya shiga ciki, ya fito da wata diga marar ƙota, bakinta ya cinye har ya zama kamar babban yatsa. Ya ce ita ce ta kakansu, daga jikinta aka kwafi shaidar gida, ba a aiki da ita, sai dai in za a fara sabuwar rijiya a taɓa ƙasa da ita. Ya ajiye ta a gabana.

“Karanta min wagga.”

Ba ta buƙatar tsamiya, hannun kaka da ɗa da jika ya riga ya goge ta. Na juya ta ta kowane gefe, na sake juyawa, ina fatan in ga ta biyu. Kibiya ɗaya ce.

Ya ce, “An ce biyu na nuhin an sayar. Ɗaya fa?”

Da zan iya cewa ban sani ba. Amma shi ma ba yaro ba ne, ya riga ya haɗa lissafin kafin in zo. Na ce, “Ɗaya na nufin ba a yi gwanjonta ba. Iyakar abin da ƙarfe ya faɗa ke nan. Bai faɗi yadda ta zo hannun kakanka ba. A zamanin nan an kwashi mutane aikin hanya da na rijiya ba da son ransu ba, wasu an sallame su da diga a maimakon lada, wasu Baturen ya tashi ya bar kaya a daji. Na ga irin haka a wurare da yawa. Ban san wanne ne naku ba, kai ma ba ka sani ba.”

Ya sake duban digar. Sannan ya ce, “To. A kai mishi gudumarshi. In aika mishi da goro da zakara. Magana ta mutu.”

Na ce, “Ba ta mutu ba. A kasuwa ka faɗa. Waɗanda suka ji sun hau jirgi sun kai ta ƙauye goma. Goro ba ya hawa jirgi ya bi su.”

“So kake in tsaya gaban masu kifi in ce na yi ƙarya?”

“Ba ka yi ƙarya ba, kuskure ka yi. Shi za ka faɗa.”

Fuskarsa ta ɗaure. Ya nuna digar da haɓa. “In na ƙi, sai ka ba su labarin wagga ke nan.”

Na ce, “Wallahi ko ka zo ko ba ka zo ba, zancen digar nan a zauren nan zai kwana. Ba da ita na zo ciniki ba.” Na ga kafaɗarsa ta sauka, na kuma san na saki igiyar da ta rage a hannuna. Amma ba zan wanke mutum ɗaya da ruwan da na ɓata wani ba, balle wanda ke kabari. Na ce, “Jibi kasuwa. Zan zauna wurin Badande tun safe. In ba ka zo ba, zan dawo nan in sake shan fura, in kuma sake dawowa, har ka gaji da ni.”

Ya ce, “Furar gidan ga ba ta ƙarewa.”

“Ni ma ba ni da aikin yi.”

Ranar kasuwa na shimfiɗa buzuna a inuwar jirgin da aka kife. Maigari ya aiko da gudumar, na ce a ajiye ta a kan katako kada kowa ya taɓa, har shi mai ita. Badanden ya zauna yana feƙe wani itace da bai da amfani. Hantsi ya yi, azahar ta yi, muka yi salla muka dawo. Mutane suna wucewa suna satar kallonmu. Badanden ya ce da ni a hankali, “Alhaji, bari. Maigari ya sani, kai ka sani.” Na ce masa jikokinsa ba da maigari za su yi faɗa ba.

Sai da jiragen ƙetare suka fara loda kaya muka hango maigidan mahaƙa. Ya sa babbar riga, ƙannensa biyu na biye. Bai dube ni ba. Ya ɗauki gudumar daga kan katako, ya taka har tsakiyar masu kifi, ya tsaya. Muryarsa ba ta kai ta ranar farko ba, sai da wata mai tuyan kifi ta ce, “Baba, ɗaga murya, mai na ƙara!” Aka yi 'yar dariya. Ya gyara tsayuwa ya ɗaga.

“Jama'a, ku shaida. Gudumag ga ba tamu ba ce. Ta ubanshi ce. Na kira bawan Allah da sunan da ba nashi ba, na yi kuskure. Wanda yak kai waccan magana wani gari, shi kai wagga.”

Ya juyo ya miƙa ta da hannu biyu. Badanden ya miƙe ya karɓa. Maigidan mahaƙa ya ce, “Ka yafe ni.” Badanden ya ce, “Allah shi yafe mu duka.”

Ban jira sauran ba, gwiwata ta riƙe. Ina naɗe buzu na ji wani masunci yana tambayar Badanden ko zai iya duba masa jirgi gobe, wai ruwa na shiga ta gindi. Badanden ya ce gobe ya cika, sai dai jibi.